Sauda Mai Masa da Ƙusoshin Bariki

Duk wanda ya zauna a Kebbe bayan an kawo akwatin talabijin na gari ya san Sauda mai masa. Ko bai san fuskarta ba, ya san bayanta. Da an idar da sallar magariba mai injin wuta zai ja igiya, jama'a su yi dafifi a ƙofar gidan kallo, ita kuwa ta dasa tandarta a bakin hanya, ta juya wa akwatin baya. Shekara da shekaru tana sayar wa 'yan kallo masa, ba a taɓa ganin ta waiwaya ba. In ranar wasan Sufeto Arzika ce, ɗan sandan nan na cikin akwati da ba ya cin hanci kuma ba ya saɓa wa mace alkawari, 'yan mata na share hawaye, samari na tafi, sai Sauda ta tofar da yawu gefe ta ci gaba da juya masarta. Yara suna cewa aljanun akwatin take tsoro. Ba tsoro ba ne, ƙyama ce, kuma ba daga sama ta faɗo mata ba.

Haifaffiyar Kebbe ce, 'yar manomi. Suyar masa a wurin mahaifiyarta ta koya, kuma tandar da take aiki da ita ma gadonta ce. Aurenta na fari a Fakku aka yi shi, da Malami, ƙanen Malam Attahiru, gidan da kowa ya sani da karatu. Malami mutum ne marar yawan magana. A zamansu duka bai taɓa gaya mata wata kalma mai zaƙi ba, amma bai taɓa barin tulunta ba ruwa ba. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin a sami motar da za ta iya hanyar Tambuwal ya cika. Ya bar ta da 'ya ɗaya, Nana, wadda ba a daɗe da yaye ta ba.

Da ta gama takaba za ta koma Kebbe, Malam Attahiru ya kira ta zaure. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, ya yi mata magana a fili, yadda ya saba.

"Sauda, riƙon Nana naki na, shari'a ta ba ki, babu mai amshe miki ita. Amma tunda mahaifiyarki ba ta da rai, ki sani ran da kiy yi aure waje, riƙo ya faɗi, sai ta komo ga kakatta nan gidan ga."

"Malam, ni da aure har abada," in ji ta. "Nana ta ishe ni."

Kuma da gaske take a lokacin. Ta zauna a gidan gwaggonta Mero, ta kafa tanda a bakin kasuwa. Nana na wasa da ƙasa a gefenta, masar farko ta kowace safiya tata ce. Zawarawa suka yi ta zuwa, masu gona da masu shanu, har da wani mai injin niƙa, duk ta sallame su da girma da arziki. Shekarun nan ne kuɗin mai suka fara ɓullowa har ƙauye. Rediyo ya yi yawa, babura suka fara tsorata jakuna, kowa ya ga mai albashi sai ya gyara tsayuwa.

A cikin masu albashin akwai Abdulhamidu, ɗaya daga 'yan sandan da aka aje a ƙaramin ofishinsu na Kebbe. Baƙo ne daga can gabas. Kakinsa ya sha sitaci har yana iya tsayuwa shi kaɗai, takalminsa kana ganin fuskarka a ciki, Hausarsa kuwa irin ta rediyo, ba ya cewa "mi", sai "me". Kullum da safe yana tsayawa sayen masa, ya miƙa wa Nana alawa, ya kira ta 'yar gidana. Daga sayen masa sai sallama a ƙofar gidan Gwaggo Mero da la'asar. Sauda ta fito ta gaya masa abin da take gaya wa kowa, cewa ita ba ta aure, domin aure zai raba ta da ɗiyarta.

Sauran zawarawa a nan suke sunkuyar da kai su ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Abdulhamidu bai yi haka ba. Ja da baya ya yi taku ɗaya, ya cire baƙar hularsa ta aiki a hankali, ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya ajiye hular a ƙasa dab da yatsun ƙafarta.

"Wannan hula ta hukuma ce," ya ce, muryarsa har rawa take yi. "Tun da aka ɗora mini ita ba ta taɓa ƙasa ba. Ga ta a gabanki. In kin so ki taka, in kin so ki ɗauka. Amma ki sani, ko bayan ƙofa bakwai aka kulle 'yarki, ni zan karɓo miki ita da hannuna."

Kada a yi saurin zagin Sauda. A Kebbe ta wancan lokaci namiji ba ya cire hula a gaban kowa sai wanzami, balle ya ajiye ta a turɓaya saboda mace. Ba ta taɓa ganin irin wannan ba, ba ta taɓa jin labarinsa ba. Ta duƙa ta ɗauki hular, ta karkaɗe ta da gefen zanenta, ta miƙa masa da hannu biyu. Gwaggo Mero, wadda ke leƙe ta kafar zana, sai da ta yi guɗa.

Labari ya isa Fakku. Malam Attahiru ya hau kekensa ya zo da kansa, ya maimaita abin da ya faɗa, ya ƙara da cewa ɗiyar Malami ba za ta tashi a bariki ba. Abdulhamidu ya ce da Sauda ta ƙyale tsohon. An riga an ba shi igiya biyu, ya zama kofur, za a mai da shi Tambuwal. Ta ba su yarinyar don a zauna lafiya, da zarar sun kintsa zai saka kaki ya je Fakku, a ga malamin da zai hana. Ranar da aka ɗaura aure, a ranar aka ɗora Nana a bayan keken baffanta, da ƙullin kayanta da 'yar ƙwaryarta ta shan kunu. Yarinyar ta riƙe bakin zanen uwarta. Sauda ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta ce mata kwana kaɗan ne, baban kaki zai zo ya ɗauko ta.

Jere aikin gwaggonni da innoni ne, uwa ba ta zuwa, ko tana da rai kunya ba ta barin ta taka ɗakin 'yarta a wannan rana. Gwaggo Mero ce ta jagoranci mata zuwa Tambuwal da kwalla da langa da farantai masu zanen fure. Sun tafi da fargaba, don an ce musu ɗakin bariki na siminti ne, ba a manna faranti da laka kamar na gida, sai an kafa ƙusa, ƙusa kuwa ba ta shiga siminti da daɗin rai. Suna shiga suka tarar da ƙusoshi a kafe a bango, sahu-sahu, daidai inda mai jere za ta so su. Wani sahu a sama, wani a tsakiya, wani can ƙasa. Aiki ya zo da sauƙi, kafin azahar sun gama. Da aka kawo amarya, Gwaggo Mero ta ja ta gefe tana nuna mata bango, baki har kunne.

"Kin ga aikin gwamnati, ɗiyata? Hatta wurin jere sun tanada. Mutanen ga ba su mance komi ba."

Sauda ma ta ji daɗi. Ta ware kusurwa ɗaya ta ɗakin ta shimfiɗa 'yar tabarma sabuwa, ta ce nan Nana za ta riƙa kwana.

Wata ya wuce, wani ya bi. In ta tayar da maganar Fakku, Kofur ya ce damina ce, hanyar Kebbe ba ta biyuwa. Da ruwa ya ɗauke ya ce aikin zaɓe ya taso, ba a ba kowa hutu. Da aka gama zaɓe ya ce babur ɗinsa na wurin gyara. Bakin nan da ya yi rawa a ƙofar Gwaggo Mero yanzu ba ya buɗewa sai don tambayar tuwo ko ruwan wanka. Doka ɗaya kuma ya kafa mata tun ranar farko, cewa kada ta kuskura ta je kallo. Saje na barikin yana da akwatin talabijin da ya saya da kuɗin ƙarin albashin nan na Udoji, yana haɗa shi da batirin mota a baranda, matan bariki da yaransu su taru bayan magariba. Kofur ya ce wannan ba wurin matan mutunci ba ne. Sauda ta ɗauka kishi ne, har ta ji wani ɗan daɗi a ranta.

Ranar da aka tura shi tsaron kasuwar Sanyinna zai kwana can, Ni'imatu matar Saje ta leƙo. Babbar mace ce mai faɗin rai, ta fi shekara ashirin tana bin mijinta bariki-bariki, shi kuma bai taɓa barin ta a baya ba. Ta ce amarcin ya isa haka, ta ja hannun Sauda har baranda, ta zaunar da ita a tabarmar mata.

Wasan Sufeto Arzika ake yi. Masu tashar ba su da wasanni da yawa, sai su yi ta maimaita wanda suke da shi, har yaran bariki sun haddace. A ciki wata budurwa tela ce ɓarayi suka sace mata keken ɗinki, tana kuka a ƙofar gida. Sufeto ya iso da kakinsa. Sauda na kallo tana mamakin yadda mutane suka shiga akwati, sai ta ga mutumin ya ja da baya taku ɗaya. Ya cire hula a hankali. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya. Kafin ya buɗe baki yaran baranda sun riga shi, suka ɗauka gaba ɗaya kamar masu bita a makaranta:

"Wannan hula ta hukuma ce! Tun da aka ɗora mini ita ba ta taɓa ƙasa ba!"

Sauda ta ji kamar an watsa mata ruwan kwata. Yara suka ci gaba, suna rawar murya daidai inda Sufeto yake rawar murya, in kin so ki taka, in kin so ki ɗauka, ko bayan ƙofa bakwai aka kulle keken ɗinkinki, ni zan karɓo miki shi da hannuna. Ko kalma ɗaya Abdulhamidu bai ƙara daga cikinsa ba. Keken ɗinki kawai ya cire ya sa Nana a gurbinsa. A cikin akwati kuwa, kafin batir ya yi sanyi, Sufeto ya fasa ƙofa ya fito da keken a kafaɗa, aka ɗaura aure, mata suka yi ajiyar zuciya. Sauda ta tashi ta zaga bayan ɗaki ta yi amai.

Ni'imatu ta bi ta da buta. Da ta ji abin da ya faru ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi mamaki ba, wannan ya fi yi wa Sauda ciwo. Ta raka ta ɗaki, ta zauna a bakin gado, ta dubi bango.

"Ƙanwata, wa yac ce miki gwamnati na kafa ƙusa? Sahun ga na bisa, na wata ɗiyas Sanyinna na, gwaggonninta dogaye na. Na ƙasa na wata Bafillata ta, ko shekara ba ta cika ba. Na tsakiya ni da kaina nit taya kafa su. Barikin ga, mai mata aka ba ɗaki, gwauro dogon zaure shika kwana da sauran gwauraye. Wanda duk ka son ɗaki nai shi ɗai, sai shi biɗi mata. In anka ɗauke shi, ɗaki shi zama na wani, ita ta kwashe kwanoninta. Ba duka suka haka ba, ga Saje nan. Amma ɗakin ga naki bai yi sa'a ba."

Da Kofur ya dawo, Sauda ta bari ya ci tuwo ya wanke hannu, sannan ta gaya masa ta ga Sufeto Arzika. Ta yi tsammanin zai ji kunya, ko ya yi fushi don ta karya dokarsa. Dariya ya yi, har da buga cinya.

"To mene ne? Maganar ta yi daɗi ko ba ta yi ba? Ai kowa da ita yake zance yanzu."

"Nana fa?"

"Ke dai ba ki da tunani. In je in shiga gidan malami da kaki in ɗauko yarinya, a kai ƙarata wurin manyana, a cire mini igiya a kan 'yar wani? Ki haifi wata mana."

Ya sa tsinke yana sakace. Tun daga ranar Sauda ba ta ƙara iya kallon hular nan a rataye a bayan ƙofa ba. Warin man gashinsa da ke jikin hular, da baƙin maiƙon da ya taru a bakinta, duk sai yanzu ta gan su. Ta zauna ne kawai don kunyar komawa Kebbe hannu biyu, da kuma wani ɗan guntun fata marar dalili da ke cewa ko wata rana zai ji nauyin bakinsa.

Bai ji ba. Aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, ya ɗaure akwatinsa da rediyonsa a bayan mota, ya ce zai je ya gyara wuri ya aiko a ɗauke ta. Shiru, shiru, har hatsin da ya bari ya ƙare, ta koma cin na Ni'imatu. Wanda ya zo a ƙarshe ba mai ɗaukar ta ba ne. Wani kofur ne mai suna Tambaya, gajere mai tumbi, wanda aka turo ya maye gurbin. Ya tsaya a ƙofar ɗaki tare da Saje da wani kurtu don su zama shaidu, ya ce sun haɗu da Abdulhamidu a can, ya ba shi saƙo da baki cewa ya sawwaƙe mata, saki ɗaya. Saje ya kau da kai, ya ce ta yi haƙuri, ɗaki kuma ana bukatarsa.

Abin mamaki, sanyi ta ji a ranta. Abin da ya zo mata shi ne, tunda aure ne ya raba ta da Nana, ga aure ya mutu, shi ke nan. Ta hau kan turmi ta fara sauke farantai tana jera su a kwando.

Tana cikin haka da la'asar ta ji gyaran murya. Kofur Tambaya ne ya dawo shi kaɗai. Ya leƙa ɗakin, ya dubi gado, ya dubi kwalla, ya dubi ita kanta, kamar mai taya akuya a kasuwa. Shi ma gwauro ne, kuma an riga an gaya masa dokar ɗaki. Ga ɗaki, ga jere rabinsa bai sauka ba, ga mace a ciki, me zai sa ya wahalar da kansa? Sakin da ya kawo da bakinsa ko wuni bai yi ba, idda ko farawa ba ta yi da kyau ba. Ya ja da baya taku ɗaya. Ya cire hula. Tumbinsa bai bar shi ya durƙusa sosai ba, sai da ya dafa ƙyaure kafin ya ajiye hular a ƙasa.

"Wannan hula ta hukuma ce," ya fara. "Tun da aka ɗora mini ita..."

Sauda ta sauko daga kan turmi. Ba ta taka ba, ba ta kuma ɗauka da hannu ba, don ba ta ga abin da hannunta ya yi mata da za ta ɓata shi ba. Muciya ta ɗauko, ta soka a cikin hular, ta ɗaga ta nesa da jikinta kamar mai fitar da mushen ɓera, ta ratsa tsakar bariki matan duka suna kallo, ta tsoma ta a kwatar da ake zubar da ruwan wanke-wanke. Ta danna ta da muciyar har ta nutse, ta bar muciyar ma a can. Kofur Tambaya ya tsaya da sanƙonsa a rana yana cewa kayan hukuma ne, za a ɗaure ta. Saje ya ce masa in yana son a ji yadda aka yi kayan hukuma suka sauka ƙasa, sai ya kai ƙara.

Daga nan ta ari filaya a wurin Saje. Ta ciro ƙusoshin nan duka, na 'yar Sanyinna, da na Bafillata, da na tsakiya, wasu suna fitowa da ɓarɓashin siminti, tafin hannunta har ya fashe. Ta tara su a gwangwanin madara ta juye a masai. Ni'imatu ta dubi bangon ta ce ai ramukan suna nan. Sauda ta ce ta sani, amma aƙalla gwaggon da za ta zo gaba za ta ga rami ta yi tambaya.

Ta yi iddarta a gidan Gwaggo Mero, wadda yanzu take rantsuwa cewa ita dama tun farko mutumin bai kwanta mata ba. Ranar da ta fita, ta soya masa mai kyau ta cika langa, ta kama hanyar Fakku da ƙafa. Ta durƙusa a bakin zauren nan na da, ta ce da Malam Attahiru aure ya mutu, ta zo ɗaukar ɗiyarta.

Malam ya gyara zama. Ba mugu ba ne, kuma bai ji daɗin abin da zai faɗa ba.

"Sauda, da ciwo na yar raba ki da ita, ko wata lalura wadda ba ki da iko da ita, da kin warke sai ki amshi abinki. Amma riƙon da uwa tay yada da kanta don aure, ko auren ya mutu, bai komowa. Haka munka ishe ga littattafanmu, ba ni nish shirya ba."

"Malam, ba ka faɗa min haka ba."

"Ba ki tambaya ba. Nic ce miki riƙo na faɗuwa. Ban ce shina tashi ba."

Ita duk a zatonta abin kamar aron turmi ne, in an gama daka a mayar. Ta roƙa, ta yi kuka, ta ce a rantsar da ita ba za ta ƙara aure ba. Malam ya ce ƙofar gidan a buɗe take, ta zo ta ga yarinya duk lokacin da ta so. Ya sa aka kira Nana. Ta fito ta yi tsawo, da ɗankwali da tawada a yatsunta, ta durƙusa ta gaida baƙuwa da ladabi, ta kawo ruwa a kwanon sha. Kakarta ta tsufa ƙwarai, don haka Mardiya matar Malam ce ke yi mata komai, ita take kira Inna. Da aka ce mata ga mahaifiyarki, sai ta dubi Mardiya tukuna, sannan ta ce, "Sannu, Inna ta Kebbe." Masar kuwa aka raba wa yaran gida, ita ma ta sami biyu kamar kowa.

Sunan da ya bi Sauda ke nan a Fakku. Ta koma tandarta, ba ta ƙara aure ba, ko da yake an nema. Akwai wani bawan Allah mai sayar da gishiri da ya kusa shawo kanta, sai rannan yana cikin zance ya ɗaga hula don ya sosa kai, ta tashi ta shige gida, har ya mutu bai san laifinsa ba. Da ƙaramar hukuma ta kawo akwatin kallo Kebbe, ta ga nan ne ciniki yake, ta kai tandarta can, amma ta zauna yadda kowa ya san ta. Sufeto Arzika yana nan bai tsufa ba, ba a taɓa yi masa canjin wurin aiki ba, yana ta karɓo keken ɗinki. In 'yan mata suka zo sayen masa idonsu jawur don tausayi, takan ce musu su tambayi akwatin ina telar take kwana bayan an kashe inji. Su yi dariya su ce Sauda ba ta san soyayya ba.

Duk sallah tana zuwa Fakku da atamfa da langar masa. Kwallarta da farantanta kuwa ba ta sayar ba ko a shekarar da hatsi ya yi tsada, ta naɗe su a tsumma ta tura ƙarƙashin gado, ta ce na Nana ne.

Da Nana ta isa aure aka ba ta wani malamin firamare, ɗan Fakku, wanda ya yi ɗaki sabo na siminti a gidan ubansa. Sauda ta iso tun ana saura kwanaki, da kayan a kan jaki. Ranar jere da safe mata suka taru a tsakar gida ana rabon aiki. Mardiya ta shige ƙuryar ɗaki ta ja mayafi ta rufe fuska, mata suna tsokanarta, uwar amarya an ji kunya, uwar amarya ba ta fita. Sai wata dattijuwar gidan ta juyo tana ƙirga masu tafiya, ta nuna Sauda da baki, ba da wata manufa ba.

"Inna ta Kebbe, tashi mu tafi, ke kin san jeren siminti."

Waɗanda suka tuna suka dubi juna. Sauda ta fahimci inda aka ajiye ta sarai. Da ta ce ita ba ta zuwa, ta nemi wani ɗaki ta rufe fuska ita ma, da ba mai hana ta, sai dai a yi ta gulma cewa biki ɗaya uwa biyu. Ta dubi ƙofar da Mardiya ke ciki, ta ɗaura gyale, ta ɗauki kwandon farantai a ka, ta shiga gaba.

Ita ta fara shiga ɗakin. Kafin sauran su sauke kaya ta riga ta dafa bango da tafin hannu biyu, tana shafawa a hankali, daga iya tsawonta har ƙasa, kusurwa zuwa kusurwa, har bayan ƙyaure. Dattijuwar ta tsaya da guduma a hannu tana kallon ta.

"Mi kika biɗa haka?"

"Rami."

"Wane rami? Ɗakin ga ko kwana ba a taɓa yi ciki nai ba."

Sauda ta sake shafa sahun tsakiya, ta tabbata sumul yake. Sannan ta karɓi gudumar, ta kwance sababbin ƙusoshi daga bakin zanenta, ta kafa ta farko a ɗakin ɗiyarta, tare da sauran gwaggonni.